Tagogi Shida da Takardar Haraji

Fall River, 9 ga Oktoba

'Yata Odilia,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Warren da jikokina biyu. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu tana nan yadda kika bar ta, tarin kuma bai dawo ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Wadda ta fara riƙe biro tana da shekara hamsin da takwas, layinta ba zai taɓa miƙewa ba. Jiya kin kira, na ga sunanki na ɗauka, amma sai na ji kamar kina magana daga ƙarƙashin ruwa. Shekara talatin da ɗaya cikin ƙarar injinan masaƙa ba su bar mini kunnen waya ba. Ki ci gaba da rubutowa, da manyan baƙaƙe.

Mai tagogin da kika samo, Arsenault, ya zo ran Talata. Mutumin kirki ne, ya cire takalmi a bakin ƙofa ban ce masa ba. Ya auna guda shida a nan ƙasa inda nake. Ya ce gidajen nan masu hawa uku ba su da wuyar awo, tagogin ƙasa da na tsakiya da na can sama duk girmansu ɗaya. Da ya ɗaga ta falo sai igiyar ciki ta tsinke, ƙarfen da ke riƙe nauyinta ya faɗa cikin bango, har ni na ji. Ya matso kunnena ya ce, "Uwargida, tagar nan ta girmi kakata!" Na ce, "To ka riƙa taɓa ta da ladabi." Ya kunna ashana ya riƙe kusa da katakon, wutar ta kwanta gefe guda saboda iskar da ke shigowa.

Dila, ban manta alkawarin da na yi miki a asibiti ba. Kwana tara na yi da ciwon huhu, kika baro aikinki kika zo. Kin ce idan gidan nan bai yi ɗumi a hunturun bana ba, zan tattara in koma wurinki a Tucson. Na ce na yarda, don a ranar ko me kika ce zan yarda. Amma a nan kabarin babanki yake, a nan cocina yake, a nan ne idan na fita siyan burodi ake kiran sunana. A can wa zan yi wa magana, ni da ko ji ba na yi?

Abin da ban gane ba shi ne maganar gwamnati. Kin ce za ta mayar mini da wani abu saboda tagogin. Ni tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin ta mayar da komai ba. Ki yi mini bayani a hankali.

Mahaifiyarki,
Deolinda


Tucson, 18 ga Oktoba

Mama,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Warren ya ce in tambaya ko burodin nan mai zaƙi zai jure tafiya a gidan waya. Na ce masa ya daina kwaɗayi. Rubutunki ya fi na likitocin da nake aiki da su, ki bar ba ni haƙuri a kansa.

Ga bayanin. Gwamnati tana so mutane su rage ƙona mai wajen ɗumama gida. Duk wanda ya sa tagogi masu riƙe zafi, ana cire masa kashi talatin cikin ɗari na kuɗin tagogin daga harajinsa, amma ba ya wuce dala ɗari shida a shekara. Ba kuɗi za a aiko miki a ambulan ba. Daga harajin da kike biya kan kuɗin haya za a rage. Shi ya sa na tura kuɗin cikin asusunki, don ke ki biya Arsenault da cak ɗinki, komai ya fito da sunanki.

Sai an kafa su kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba ragin bana ya wuce. Kowace taga za ta zo da takarda manne a gilashi mai lambobi. Mama, na san ki da tsumma da ruwan khal. Kada ki kankare su ki zubar. Ki ɓare su a hankali, ki haɗa da rasit ki ajiye wa Senhor Raposo mai cike miki takardun haraji, idan lokacin ya yi zai nema. Kuma ragin na wurin da ke kanki kike zaune ne, ban da ɗakunan 'yan haya, shi ya sa aka auna ƙasa kaɗai.

Maganar Tucson kuwa, ba don in tsorata ki na yi ba. Ni na tsaya a kanki ina kallon na'ura tana ƙirga numfashinki, kuma aikina ke nan, na san abin da lambobin suke nufi. Ba zan sake wannan tsayuwar ba. Idan tagogin suka shiga, gida ya yi ɗumi, shi ke nan, ki zauna abinki. Ki roƙi wani ya ɗauki hotonsu ki aiko mini.

'Yarki,
Odilia


Fall River, 7 ga Disamba

'Yata Odilia,

Ina gaishe ku duka. Ina lafiya. Sanyi ya sauko da wuri bana, ranar Lahadi har ruwan da ke bakin titi ya daskare.

An kafa tagogin ran Litinin, duk shidan. Suna da kyau, farare, ana ɗaga su da yatsa biyu. Na biya Arsenault. Takardun gilashin ban zubar ba, suna cikin gwangwanin biskit tare da rasit.

Hoto kuma sai a hankali, ban sami mai ɗauka ba.

Ban sani ba ko na gaya miki, Jussara ta hawa na uku, 'yar Brazil ɗin nan da mijinta yake aikin jirgin kamun kifi, ta haihu a watan Oktoba. Namiji, sunansa Caio. Mijin yakan yi mako biyu a teku, ita kaɗai take fama. Na aika mata da miyar ganye da dankali.

Ina da tambaya ɗaya, ba don komai ba. Takardar harajin nan, tana tambayar ko a wane hawa tagogin suke, ko adireshin gida kawai take so?

Burodin Warren yana hanya.

Mahaifiyarki,
Deolinda


Tucson, 22 ga Janairu

Mama,

Muna lafiya. Ke fa? Tun wasiƙarki ta Disamba abin da na samu katin Kirsimeti ne mai layi biyu. Na rubuto sau biyu ba amsa. Hoto har yau shiru.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina ba a kwance yake ba. Lurdes ɗiyar Kawu Amadeu ta wuce ta layinku ran Asabar. Ta kira ni ta ce, "Dila, ba kin ce an yi wa Inna sababbin tagogi ba? To ni leda na gani a manne, da tsoffin katakon nan koraye." Na ce ko ba ta duba da kyau ba. Ta ce gidan da ta yi wasa a cikinsa tun tana yarinya ba zai ɓace mata ba.

Na koma na sake karanta wasiƙarki. Ke da kike cika shafi uku a kan farashin kifi, tagogi shida kika gama da su a layi huɗu. Na san yadda kike idan kina rufa wa wani asiri. Mutumin nan ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba, ko ba haka ba? Ya ga tsohuwa ita kaɗai, ba ta ji sosai, ya ce miki kaya suna hanya, ke kuma kunya ta hana ki faɗa mini. Na kira shi. Abin da ya ce kawai, "Na kafa tagogi shida a wannan adireshin, sauran ki tambayi mahaifiyarki." Wannan amsar marar gaskiya ce.

Na ba shi zuwa tsakiyar Fabrairu. Idan ban ga tagogi a ɗakinki ba, zan kai ƙararsa hukumar da ke ba su lasisi, kuma zan rubuta sunansa duk inda mutane suke duba masu aiki kafin su ɗauke su. Ke kuma, idan har a bayan leda kike kwana cikin wannan sanyin, kin san abin da muka yi magana a kai. Ki amsa mini ranar da wannan ta iso.

Odilia


Fall River, 2 ga Fabrairu

'Yata,

Ina gaishe ki. Takardarki ta iso ran Litinin, kwana huɗu ina zagaya teburin nan ban iya zama ba. Ki fara da wannan: kada ki taɓa Arsenault. Yana da iyali, kuma bai ci kwabonki ba. Ni ce.

Tagogin suna hawa na uku.

Ranar da za a kafa su, da safe kafin motarsa ta iso, Jussara ta sauko da jaririn a ƙirji tana tambaya ko ina da tsohon bargo. Na ce na me? Ta ce za ta rataya a taga. Shekara uku rabona da hawa benen nan saboda gwiwa, amma na riƙe ƙarfen gefen benen na hau. Dila, ƙanƙara ce a jikin gilashin ta ciki. Ta cusa tawul da safa a duk kafar da ta gani, ta jawo gadon yaron tsakiyar ɗaki. Ta ce yana tari, ni ban ji ba. Sai na sa tafin hannuna a bayansa, na ji ƙirjinsa yana kaɗawa kamar keken ɗinki.

Kin san an haife ki a hawa na uku, amma ban taɓa gaya miki sauran ba. Lokacin mu ne 'yan haya, shekararmu ɗaya da zuwa ƙasar nan daga tsibirinmu na haihuwa. A ɗakin nan, a gaban tagar nan, kina da wata biyu ƙirjinki ya yi irin wannan kaɗawar. Na sauko wurin mai gidan, yana zaune a nan inda nake zaune yanzu, da riga mai gajeren hannu saboda ɗumi. Ya ce in ɗebo tsummoki daga masaƙa in cusa. Kwana goma sha ɗaya kika yi a asibiti cikin wata rumfar leda, ina leƙen ki ban iya ɗaukar ki ba. Na ce a raina idan Allah ya ba ni gida, ba zan yi wa kowa haka ba. Da babanki ya sayi gidan muka sauko ƙasa, sai na manta. Shekara talatin da bakwai ina karɓar haya daga ɗakin nan, ko gilashi ɗaya ban canza ba.

Ina saukowa na tarar da Arsenault yana sauke kaya. Na ce, "Ka kai su sama." Ya ce, "Uwargida, 'yarki za ta yanka ni." Na ce, "Wa zai sa hannu a cak ɗin?" Ya ce, "Ke." Na ce, "To gidan wa?" Ya yi ta magana ban ji ba, sai ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe cewa ba za a rage mini haraji ba idan na yi haka. Na karanta, na ce masa na gane. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wa abokin aikinsa, "Ɗauko dogon tsani." Ni na roƙe shi kada ya gaya miki.

Na yi niyyar in rufe maganar har bazara. Shekaranjiya na je wurin Senhor Raposo da gwangwanina. Ya jera takardun ya cike, ya ce, "Madalla, Dona Deolinda, bana kin zama 'yar zamani." Sai bakina ya kufce na gaya masa inda tagogin suke. Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya ce, "Adireshi ɗaya ne. Wa zai taso daga Washington ya hau bene uku ya duba? Sa hannu a nan." Ya ɗora yatsa a wurin, yadda ya saba.

Akwai wasu ƙananan layuka a saman wurin sa hannun. Ban taɓa karanta su ba. Na sa tabarau na bi su da yatsa, kalma kalma, shi yana duba agogo. Sun ce wanda ya sa hannu ya yi rantsuwa cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Na ajiye biron. Ya ce, "Haba Dona, shekara ashirin kina sa hannu duk inda na nuna miki." Na ce, "Lokacin ban iya karatu ba." Ya ce, "Makarantar manyan nan ta lalata mini ke." Ya cire takardar tagogin ya yaga, na sa hannu a sauran. Ɗari shidan nan ta tafi, kuma kuɗinki ne, na sani.

Yanzu gaskiyar da ta rage. Lurdes ba ta yi ƙarya ba, leda ce a tagogina. Na jawo gado zuwa kicin kusa da murhu. Tun tsakiyar Janairu ina ɗan tari da safe, ba mai yawa ba. Caio kuma ƙirjinsa ya lafa, jiya na sa hannu ban ji komai ba.

Na karya alkawari, kuma na yi miki ƙarya wata biyu. Abin da kika yanke zan bi. Ina dai roƙon ki, idan tafiya ce, ki bar ni in kai Ista a cocinmu.

Mahaifiyarki,
Deolinda


Fall River, 24 ga Fabrairu

'Yata Odilia,

Ina gaishe ki da yara. Yau mako uku ke nan. Kullum ina tsayawa a taga in ga mai kawo wasiƙu ya sa takardun talla ya wuce. Waya ma ba ta nuna sunanki ba.

Na fahimta. Na roƙi Evaristo, tsohon nan na hawa na biyu, ya sauko mini da babban akwatin daga saman kabad. Na sa kayan sanyi, sai na tuna can ba a buƙatarsu, na fitar. Yanzu hoton babanki ne kawai a ciki da tukunyar miya.

Ko fushi ne, ki rubuto shi. Shirun nan ya fi mini sanyin nauyi.

Mahaifiyarki


Tucson, 22 ga Fabrairu

Mama,

Muna lafiya. Na jinkirta saboda sau uku ina rubutawa ina yagawa. Biyun farko ba su dace 'ya ta aika wa uwarta ba.

A cikin mota na karanta wasiƙarki, a bakin asibiti, na makara aiki da rabin awa. Ba ɗari shidan ce ta dame ni ba, kuma da kin sa hannu a takardar nan da na fi jin haushi. Tagogin ma, da kin rubuto kin ce ga halin da jaririn yake ciki, kina tsammani zan ce a bar shi? Abin da ya ƙona mini rai shi ne kina tari a kicin, ni ina nan ina gaya wa Warren cewa bana Mama tana cikin ɗumi. Na kuma zagi mutumin da bai yi laifi ba. Na kira Arsenault na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma shi tun da yake bai taɓa jin tsoron abokin ciniki kamar ke ba. Wannan ƙaryar ban gama yafe miki ita ba, kada ki ɗauka na gama.

Ga abin da na yanke. Sabuwar shekara ta shigo, ragin harajin yana sake buɗuwa kowace shekara. Ƙarfina bai kai shida ba yanzu, uku na iya: biyu na ɗakin kwananki da ta kicin. Za a kafa ran goma sha takwas ga Maris. Waɗannan baɗi za ki sa hannu a kansu ba tare da kin ajiye biro ba.

Amma sai kin je wurin likita a makon nan ya saurari ƙirjinki, ki sa ya rubuta abin da ya ji, ki aiko mini takardarsa, ba taki ba. Idan huhun ne, ba zan jira Ista ba. Idan ba shi ba ne, ki zauna a gidanki.

Na ɗauki hutun kwana biyar. Ranar da za a kafa su ina tsaye a bakin ƙofa da kaina. Kuma ki gaya wa duk mai zama a hawa na biyu, kada ya kuskura ya yi tari a gabanki kafin ranar.

'Yarki,
Dila


Fall River, 1 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, taki ta iso kwana biyu bayan na aika tawa. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ban ko rufe ba.

Na je wurin likita ran Laraba, ga takardarsa a ciki. Na yi ƙoƙarin karantawa na kasa, rubutunsa ya fi nawa muni. Da baki dai ya ce mura ce, huhu lafiya lau. Ke ki duba ki gani ko gaskiya na ji.

Na isar wa Evaristo da saƙonki. Ya ce shi tagoginsa ƙalau suke, amma idan ana rabon sabon murhu a sa sunansa.

Ya tambaya ko ya mayar mini da akwatin sama. Na ce ya bar shi. Yana nan a tsakiyar falo, ina zagaye shi. Idan kin zo, ke za ki mayar da shi da hannunki, in gani.

Mahaifiyarki,
Deolinda